Kalmar ‘Zip’ ta Ingilishi: Asalinta da Yaɗuwar Ma'anarta

1.0 Gabatarwa

A cikin kowane harshe akwai waɗansu kalmomi waɗanda in an furta su sai mai sauraro ya ji kamar ƙarar abin da suke nufi ce yake ji. Masana harshe na Turai suna kiran wannan hanyar ƙirar kalma da wata kalma ta Girkanci, ‘onomatopoeia’, wadda ma'anarta ta asali ita ce “ƙirƙirar suna”. Da Hausa kuwa ana ce mata kwaikwayon sauti. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi na Ingilishi, watau ‘zip’, ta bi diddiginta tun daga lokacin da aka fara ganin ta a rubuce har zuwa shigowarta cikin Hausa.

An zaɓi wannan kalma ne saboda dalilai biyu. Na farko, ba tsohuwar kalma ba ce, don haka matakan da ma'anarta ta bi a rubuce suke, kowane da shekararsa. Na biyu, akwai wani zato da ya yaɗu game da ita, cewa wai daga ƙarar abin zuge tufafi aka samo ta. Za a nuna a nan cewa kalmar ta girmi wannan abu da shekara arba'in da 'yan kai, kuma abin ne ya ari sunansa daga gare ta.

2.0 Matsayin Kwaikwayon Sauti a Nazarin Harshe

Kafin a shiga tarihin kalmar, ya kamata a yi ɗan tsokaci a kan yadda masana suka ɗauki kwaikwayon sauti. A ƙarni na 18 da na 19 an sami masu ra'ayin cewa harshen ɗan'adam ɗungurungum daga kwaikwayon kukan dabbobi da ƙarar abubuwa ya faro. Max Müller, a laccocin da ya gabatar a Landan cikin 1861, ya yi wa wannan ra'ayi ba'a, ya laƙaba masa sunan haushin kare. Daga baya Ferdinand de Saussure, a littafinsa na ilimin harshe wanda almajiransa suka buga cikin 1916 bayan rasuwarsa, ya kafa ƙa'idar cewa babu wata dangantaka ta dole tsakanin lafazin kalma da ma'anarta. Yarjejeniyar masu harshe ce kawai take haɗa su.

Saussure bai manta da kalmomin kwaikwayo ba, amma ya ba da hujjoji a kansu. Ɗaya ita ce ba su da yawa. Wata kuma ita ce kwaikwayon nasu ba cikakke ba ne, domin kowane harshe da sautukansa yake yin sa. Zakara ɗaya ne, amma Bafaranshe yana jin cararsa ‘cocorico’, Bajamushe kuwa ‘kikeriki’. Hujja ta uku, wadda ta fi shafar wannan takarda, ita ce da zarar kalmar kwaikwayo ta zauna cikin harshe sai ta bi sahun sauran kalmomi wajen sauyawa. Misalin da ya kawo shi ne sunan tattabara na Faransanci, ‘pigeon’, wanda ya fito daga ‘pipio’ ta Latin, kwaikwayon kukan ɗan tsuntsu. Ga shi yau babu mai jin kukan tsuntsu a cikinsa. A misalin Saussure lafazi ne ya sauya. A tarihin ‘zip’ kuwa lafazin yana nan yadda yake, ma'anar ce ta yi ta tafiya.

3.0 Ƙirar Kalmar

Kalmar gaɓa ɗaya ce mai sautuka uku, kuma kowane ɗaya yana da aikin da yake yi.

Baƙin farko, z, zuzau ne mai ziza, wanda ake iya jan sa muddin akwai numfashi. Wani abin lura shi ne a tsohon Ingilishi wannan sauti ba ya zuwa a farkon kalma, sai dai a tsakiya, inda s kan rikiɗe ya zama z tsakanin wasula. Saboda haka kalmomin Ingilishi masu farawa da z kusan kashi biyu ne: na aro, kamar ‘zero’ da ‘zone’ da ‘zebra’, da kuma na kwaikwayo, kamar ‘zip’ da ‘zoom’ da ‘zap’ da ‘zing’. Ƙarancin sautin a wannan muhalli ya sa kunnen Bature yake saurin danganta shi da ƙugi da wucewar abu cikin iska.

Wasalin tsakiya, i, gajere ne, na gaba, na sama. Otto Jespersen ya yi rubutu cikin 1922 a kan yadda wannan wasali yake yawan zuwa cikin kalmomin ƙanƙanta da siranta da sauri a harsuna da dama. Cikin 1929 kuma Edward Sapir ya jarraba abin: ya ba mutane kalmomi biyu na ƙage, ‘mal’ da ‘mil’, ya ce duka sunan tebur ne, su faɗi wanne ne babba wanne ne ƙarami. Mafi yawansu suka ba ‘mil’ ƙaramin.

Baƙin ƙarshe, p, tsayau ne marar ziza, wanda leɓɓa suke haɗuwa su datse iska gaba ɗaya. Ingilishi yana da jerin kalmomi masu ƙarewa da shi waɗanda duk suke nuna aikin da ya yanke farat ɗaya, kamar ‘snap’ da ‘clap’ da ‘tap’ da ‘snip’. Irin wannan guntun sauti mai ɗauke da ƙanshin ma'ana, alhali shi ba ɗafi ba, J. R. Firth ya ja hankalin masana a kansa cikin 1930.

In an haɗa ukun sai a sami siffar abu siriri wanda ya taso da ƙugi, ya wuce da sauri, ya yanke nan take. Kwatanta ta da 'yan'uwanta yana ƙara fito da wannan. ‘Zoom’ tana da dogon wasali, ta kuma ƙare da ɗan hanci wanda ake iya ja, shi ya sa ta dace da rugugin injin jirgin sama. ‘Zap’ tana da buɗaɗɗen wasali, sai ta zama ta bugu mai ƙarfi. ‘Zip’ ita ce ta siririn abu mai hanzari.

4.0 Daga Sauti zuwa Sauri da Kuzari

Ƙamusoshin Ingilishi masu bin tarihin kalmomi sun kai farkon ganin ‘zip’ a rubuce zuwa 1852. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ana amfani da ita ne wajen kwatanta ƙarar harsashi in ya keta iska, ko ta ƙaramin abu mai wucewa da gudu, ko ta ƙyalle mai kauri in an yage shi. Wannan shi ne matakin farko, inda kalmar take kwaikwayo tsantsa.

Abin da yake yin irin wannan ƙara kuwa dole ne mai sauri ne. Don haka tun da wuri kalmar ta zama aikatau mai nufin wucewa da gudu, ko da ba a ji ƙarar komai ba. Ana iya cewa yaro ya yi ‘zip’ zuwa kanti ya dawo, ba don ƙafarsa ta yi ƙarar harsashi ba, sai don bai daɗe ba. A nan sauti ya ja baya, sauri ya shige gaba.

Wajen 1900 aka sami mataki na uku, musamman a Amurka, inda ‘zip’ ta zama suna mai nufin kuzari da karsashi. Akan ce mutum yana da shi, ko abinci mai yaji yana da shi, ko kuwa wasa ya rasa shi. Daga nan aka ƙera sifa, ‘zippy’, watau mai kazar-kazar. Ke nan kafin a shiga shekarun 1920 kalmar tana da ma'ana uku a jere, sauti da sauri da kuzari, kowace ta tsiro daga wadda ta gabace ta, kuma babu ɗaya da ta shafi tufafi.

5.0 Yadda Kalmar ta Zama Sunan Abu

Shi abin zuge tufafi tarihinsa daban ne. Elias Howe, wanda aka sani da keken ɗinki, ya yi rajistar wata dabara ta rufe tufafi cikin 1851, amma bai kai ta kasuwa ba. Cikin 1893 Whitcomb Judson, mutumin Shikago, ya sami rajistar wani abin ɗaure takalmi mai ƙugiyoyi da idanu, wanda ake jan wani ɗan ƙarfe ya haɗa su. Abin bai yi ƙarko ba, domin yakan cije ko ya ɓalle da kansa. Wanda ya gyara shi shi ne Gideon Sundback, injiniya haifaffen Suwidin, wanda ya yar da ƙugiyoyin ya maye gurbinsu da ƙananan haƙora masu shiga juna. Ya kammala wannan ƙira wajen ƙarshen 1913, aka ba shi rajista cikin 1917. Kamfanin da yake wa aiki yana garin Meadville a jihar Pennsylvania, kuma shi ne ya koma Talon cikin 1937.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, shekara talatin, daga 1893 zuwa 1923, abin yana nan amma ba shi da sunan da ya kama bakin jama'a. Judson ya kira nasa ‘clasp locker’. An sayar da waɗansu da sunan C-curity da Plako. Na Sundback kuwa an ce masa ‘hookless fastener’, watau maɗauri marar ƙugiya, a takardar rajista kuma ‘separable fastener’, watau maɗauri mai rabuwa. Duk waɗannan bayani ne irin na maƙera, ba sunaye ne na kasuwa ba.

Cikin 1923 kamfanin roba na B. F. Goodrich, wanda yake Akron a jihar Ohayo, ya fito da waɗansu takalman roba da ake sawa a kan takalmi saboda ruwa da ƙanƙara, ya sa musu maɗaurin Sundback. Sunan da ya raɗa wa takalman shi ne Zipper, ya kuma yi rajistarsa a matsayin tambarin ciniki cikin 1925. Ƙirar sunan a fili take: tsohuwar kalmar ‘zip’ ce aka yi wa ɗafa-ƙeya -er, wanda aikinsa ya yi kama da na ma-…-i a cikin ‘maɗinki’ ko ‘mabuɗi’. Sunan ya dace ta fuska biyu, domin takalmin yana rufuwa da sauri, maɗaurin kuma yana yin 'yar ƙara in an ja shi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne takalmin aka raɗa wa suna, ba maɗaurin ba. Jama'a ne suka ɗauke sunan daga takalmin suka ɗora wa ɓangaren da ya bambanta shi da sauran takalma. Cikin shekarun 1930, sa'ad da maɗaurin ya bazu zuwa jakunkuna da rigunan mata da na yara da wandunan maza, ‘zipper’ ta riga ta zama gama-garin suna a Amurka, ta kuɓuce wa kamfanin da ya ƙirƙire ta.

A Ingila kuwa wata hanya aka bi. An fara cewa ‘zip fastener’, sa'an nan aka taƙaita ta koma ‘zip’ kurum. Har ila yau, an sami sabon aikatau ‘zip’ mai nufin zugewa, da kishiyarsa ‘unzip’. Wannan aikatau ba shi ne na 1852 ba. Daga ‘zipper’ aka yanke ɗafin aka same shi, shi ya sa ƙamusoshi suke ware masa gurbi nasa. Kalmar ta yi zagaye ke nan: ‘zip’ ta haifi ‘zipper’, ‘zipper’ kuma ta sake haifar wata ‘zip’ mai lafazi ɗaya da ta farko amma ma'ana daban.

Duba sauran harsuna yana nuna cewa babu abin da ya wajabta a sa wa wannan abu suna daga ƙararsa. Faransawa sun ce ‘fermeture éclair’, watau marufi mai kamar walƙiya, shi ma daga tambarin ciniki. Jamusawa sun ce ‘Reissverschluss’, daga aikatau mai nufin fizga ko yagewa. Larabawa sun ce ‘sahhab’, daga saiwar da take nufin ja. Kowane harshe ya kama siffa ɗaya ta abin ya yi suna da ita.

6.0 Gidan Waya da Kwamfuta

Ma'anar sauri ba ta mutu ba don an sami ma'anar maɗauri. Ranar 1 ga Yuli 1963 Ma'aikatar Gidan Waya ta Amurka ta fito da tsarin lambobi biyar da ake rubutawa a ƙarshen adireshi don sauƙaƙe rarraba wasiƙu, ta kira shi ZIP code. An ce haruffan uku suna wakiltar Zone Improvement Plan, watau shirin kyautata shiyyoyi. Amma an zaɓi kalmomin ne da gangan don haruffansu na farko su ba da ‘zip’, jama'a su fahimci cewa wasiƙa mai lamba ta fi saurin isa. Har wani ɗan zanen masinja aka yi mai suna Mr. ZIP don tallar tsarin. Cikin 1983 aka ƙara lambobi huɗu a kan biyar ɗin. A nan kalma ce ta riga, aka nemo mata fassarar haruffa daga baya.

Cikin 1989 Phil Katz, wani mai tsara manhajar kwamfuta a jihar Wisconsin, ya fito da wata hanya ta matse fayiloli su ƙanƙance, a kuma haɗa da yawa cikin ƙunshi ɗaya. An sa mata suna ZIP ne da nufin sauri, don a nuna ta fi waɗanda suka riga ta hanzari. Sai dai masu amfani da ita sun fassara sunan ta wata hanya. Da yake ƙunshin fayiloli ya yi kama da jakar da aka cusa wa kaya aka zuge, sai buɗe shi ya zama ‘unzip’, alamar da ake zana masa a fuskar kwamfuta kuma ta zama jakar takardu mai zif a jikinta. Rassa biyu na kalmar, na sauri da na maɗauri, waɗanda suka rabu cikin shekarun 1920, sun sake haɗuwa a nan.

7.0 Shigowar Kalmar cikin Hausa

Daga cikin duk waɗannan ma'anoni, guda ɗaya ce ta zauna cikin Hausar yau da kullum, watau ta maɗaurin tufafi da jaka. Siffar da ta ɗauka ita ce ‘zif’, ko da yake marubuta da yawa sukan bar ta da rubutunta na Ingilishi. Sauya p zuwa f ƙa'ida ce sananniya a kalmomin aro, kamar yadda ake gani a ‘fensir’ da ‘fasinja’ da ‘famfo’ da ‘kofi’, domin Hausa ba ta rarrabe p da f a matsayin ƙwayoyin sauti biyu.

Siffar kalmar tana nuna hanyar da ta biyo. Kalmomin Ingilishi masu ƙarewa da -er ko -or sukan shigo Hausa da wasalin a a ƙarshe, kamar ‘direba’ da ‘lauya’ da ‘fenta’ da ‘tela’. Da ‘zipper’ ta Amurka aka ara, da ‘zifa’ za a ji. Samun ‘zif’ shaida ce cewa gajeriyar siffar Ingila ce ta iso.

Wani abin da ya cancanci lura shi ne ‘zif’ ta yi kama ƙwarai da amsa-kama na Hausa. Sunayen Hausa na asali kusan duk da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama sukan ƙare da baƙi, da yawansu ma da f, wanda a wannan muhalli waɗansu sukan furta shi kusa da p:

(1) Ya yi wuf ya kama shi.
(2) An rufe ƙofa ruf.
(3) Sun cinye tuwon kaf.

Duk da wannan kama, ‘zif’ ba ta shiga wannan aji ba. Suna ce, jinsin namiji, tana zama karɓau, tana kuma ɗaukar ‘ɗin’ kamar sauran sunayen aro masu ƙarewa da baƙi, irin su ‘bas’ da ‘fim’:

(4) Tela ya sa wa wandon zif.
(5) Zif ɗin jakar ya lalace.
(6) Ta zuge zif ɗin rigarta.

Karin sautinta ma faɗau ne irin na ‘bas’ da ‘fim’, alhali ‘wuf’ da ‘kaf’ karin sama gare su. Ba a saba jin Bahaushe ya ce harsashi ya wuce zif ba. In yana son nuna irin wannan hanzari, yana da ‘fit’ da ‘wuf’ da ‘farat’ nasa.

Misali na (6) yana nuna wani abu kuma. Hausa ta ari sunan amma ba ta ari aikatau ɗin ba. ‘Zuge’ kalma ce ta gida, wadda take da dangantaka da ‘tazuge’, igiyar da ake zurawa a ƙugun wando a ja a ɗaure tun kafin zuwan Turawa. Masu harshe sun ga sabon abu ana jan sa ya tsuke bakin tufa kamar yadda tazuge yake yi, sai suka ba shi aikatau ɗin tsohon. Farawar ‘zuge’ da ‘zif’ da baƙi ɗaya dacewa ce kawai, kuma bai kamata mai nazari ya ɗauke ta shaidar asali ɗaya ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar ‘zip’ ta faro a matsayin kwaikwayon ƙarar abu mai keta iska cikin 1852, ta zama sauri, ta zama kuzari, ta zama sunan takalmi cikin 1923, sa'an nan sunan maɗauri, ta shiga gidan waya cikin 1963 da kwamfuta cikin 1989. A kowane mataki siffa ɗaya ce ta ma'anar baya aka riƙe aka bar sauran. Sa'ad da ta iso Hausa kuwa, sunan abu kawai ta zo da shi.

Wannan yana ƙarfafa ra'ayin Saussure cewa kalmar kwaikwayo ba ta tsira daga abin da yake samun sauran kalmomi. Amma yana kuma nuna cewa sautin bai zama banza ba, domin sau uku, a Akron da gidan waya da wurin Katz, masu neman suna sun koma ga wannan gaɓa ɗaya saboda hanzarin da kunne yake ji a cikinta.

Ga masu aikin ƙamus da masu nazarin kalmomin aro akwai darasi biyu. Na farko, dacewar lafazin kalma da ƙarar abin da take nufi ba ta isa hujjar cewa daga ƙarar aka samo ta ba. Sai an nemi shekarar da aka fara ganin kalmar an gwama ta da shekarar da abin ya samu. Na biyu, ajin kalmar aro a harshen da ya are ta ba daga asalinta ake gane shi ba, ba kuma daga kamanninta ba, sai daga aikin da take yi cikin jimla. Akwai buƙatar a yi irin wannan bincike a kan sauran kalmomin aro masu gaɓa ɗaya, a ga ko akwai waɗanda suka tsallaka daga ajin suna suka shiga na amsa-kama.